Ɗigon Mai a Hanyar Rubicon: Yadda Aka Tunkari Yoyon Motoci a Tsaunukan Kalifoniya

A watan Afrilun 2009, hukumar da ke kula da ingancin ruwa a yankin Central Valley na jihar Kalifoniya ta miƙa umarni a rubuce ga hukumomi biyu: Gundumar El Dorado, da Hukumar Gandun Daji ta Amurka mai riƙe da dajin Eldorado. An ce su tsaftace wata hanyar daji mai suna Rubicon, su kuma tsayar da abin da take kwararawa cikin rafuka da tafkunan da ke gefenta. Abu uku aka kama hanyar da su: laka da tayoyi ke tonowa, bayan gidan masu kwana a daji, da man da ke zuba daga motoci.

Na ukun nan ne wannan nazari ya sa a gaba. Ba wai ya fi sauran girma ba ne, don a ma'aunin masu binciken ma laka ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Na zaɓe shi ne saboda shi ke hannun direba kai tsaye, kuma shi ne abin da mai tuƙi a daji, ko a wace ƙasa yake, ya saba kallo ya wuce yana cewa ai ɗan ɗigo ne, ƙasa za ta shanye. Abin da ya faru a Rubicon ya nuna cewa mai ba ya zuba da ka. Yana da wuraren da yake zuba, yana da sassan motar da yake fita ta cikinsu, kuma duk ana iya saninsu tun kafin a tayar da inji.

Wace irin hanya ce

Tsawon Rubicon mil 22 ne, wato kusan kilomita 35. Tana ratsa tsaunukan Sierra Nevada daga wajen tafkin Loon ta yamma zuwa Tahoma da ke gaɓar tafkin Tahoe ta gabas, wasu sassanta sun haura mita 2,000 sama da teku. Nisan da mota za ta cinye cikin rabin awa a kan kwalta, a nan mutane kan kwana biyu ko uku kafin su fita, domin mafi yawan wurin falalen dutse ne da manyan ƙwanƙolai da ake hawa taku-taku, wani na gaba yana nuna wa direba inda zai ɗora taya.

Tun 1887 gundumar ta ayyana ta a matsayin hanyar jama'a. A wancan zamani karusai ne ke bin ta zuwa Rubicon Springs, inda ake ɗibar ruwan maɓuɓɓuga ana sayarwa, har aka gina masauki. Da masaukin ya mutu sai hanyar ta lalace, lalacewar kuwa ita ta zama abin nema. A 1953 Mark Smith da wasu mutanen garin Georgetown suka shirya ayarin motocin Jeep 55 suka ratsa ta don jawo baƙi garinsu, taron da ake kira Jeepers Jamboree, wanda har yau ake yi. Sunan hanyar ya yi nisa har kamfanin Jeep ya laƙaba shi ga wani samfurin Wrangler a 2003. Daga nan masu zuwa suka ƙaru, tayoyi suka ƙara girma, injina suka ƙara ƙarfi.

Ruwan da ke wurin ba na wasa ba ne. Tafkin Loon da na Buck Island suna cikin jerin madatsun da ke samar wa birnin Sakaramento wutar lantarki. Kogin Rubicon yana gangarawa ya faɗa cikin kogin American. Ta ɓangaren gabas kuma rafin McKinney yana zuba cikin Tahoe, tafkin da aka san shi a duniya da garai-garai ɗin ruwansa, wanda jihohin Kalifoniya da Nebada ke kashe maƙudan kuɗi don kada ya gurɓace. Ga kuma wani ƙulli: hanyar ta gunduma ce, amma ƙasar da ta bi ta kai mafi yawanta ta gwamnatin tarayya ce, wasu filayen kuma na masu zaman kansu. Shekara da shekaru wannan ya sa kowa na iya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Shi ya sa umarnin 2009 ya ambaci hukumomin biyu a takarda ɗaya.

Ta inda man ke fita

Mota mai jan taya huɗu tana ɗauke da ruwaye fiye da yadda mai ita kan tuna. Akwai man inji, tsakanin lita 5 zuwa 10 gwargwadon girman injin. Akwai man giya, akwai na akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, akwai mai kaurin nan mai warin kibiritu da ke cikin ƙullutun aksul na gaba da na baya. Sai man sitiyari, man birki, ruwan lagireto da kan kai lita 10, ruwan batir, sannan fetur ko gas na tanki da na jarkoki. A kan kwalta duk waɗannan suna zaune lafiya a mazauninsu, domin motar a miƙe take kuma ba abin da ke taɓa cikinta. A kan dutse kuwa motar na karkacewa, tana dukan ƙasa da ciki, tana kuma aiki da zafi alhali ba ta gudun da iska za ta sanyaya ta.

Bari mu tsaya a wuri guda mu duba. Akwai wani ɗan lungu a hanyar da ake kira Little Sluice, kusa da tafkin Spider, matsatsi ne tsakanin bangon dutse da tarin ƙwanƙolai. Da can Jeep ta yau da kullum kan wuce ta cikinsa. Daga baya manyan duwatsu suka taru a ciki har ya gagari kowa sai motocin da aka ƙera musamman, sauran suna bi ta kewaye. Ya zama wurin gwada ƙwanji, 'yan kallo na zama a kan duwatsun gefe. Direba zai ɗora tayar gaba a kan dutse, ta bayan ta zame, motar ta faɗo da nauyinta gaba ɗaya a kan ƙullutun aksul. Murfin ƙullutun, in siririn ƙarfe ne irin na kamfani, sai leɓensa ya banƙare. Ba a ganin komai nan take. Sai motar ta matsa gaba a ga baƙin layi yana bin ta a baya. In kuwa kwanon man da ke ƙasan inji ne ya haɗu da tsinin dutse, ko notin juye mai ya fizge, to cikin 'yan mintoci duk abin da ke cikin injin ya koma ƙasa, da zafinsa, yana gudu yana neman tsaga.

Wanda ya fi wannan shi ne kifewa. Mota in ta kwanta a gefenta, duk ƙofar da aka yi don iska ta shiga ta zama ƙofar fitar mai: bututun sandar auna mai, murfin zuba mai, mashaƙar giya, murfin man sitiyari, bakin tanki. Batir in irin mai buɗaɗɗen murfi ne zai tsiyaye ruwansa mai cin fata. Bayan an tayar da motar ma ba a gama ba, domin mai ya riga ya shiga cikin silinda. In aka murza makulli a haka injin na iya lanƙwasa sandar fistan, don haka sai an kwance fulogai an juya injin ya tofar da man. Wanda bai rufe ramukan da tsumma ba zai ga man ya yi feshi ya wanke duk abin da ke kewaye.

Sai kuma wanda ba ya ɗaukar ido, kuma a ganina shi ya fi yawa idan aka tara. Man sitiyari yana tafasa ya yi ambaliya idan ana murɗa manyan tayoyi a tsaye a kan dutse. Lagireto na tofar da ruwa a hawan da ake yi da giya ta ɗaya awa da awa. Tsohuwar robar da ke ɗan jiƙewa a gida, wadda mai mota ya ce ba komai, tana buɗewa sosai idan aksul ya murɗe. Ƙetare rafi ma na da tasa illar ta fuska biyu. Ruwan yana wanke duk maiƙon da ya daskare a ƙarƙashin mota ya tafi da shi. Sannan ƙullutun aksul mai zafi in ya nutse cikin ruwan sanyi, iskar da ke ciki na tsukewa ta zuƙo ruwa ta mashaƙa. Man ya koma fari-fari kamar shayi mai madara, dole a juye shi, kuma sau da yawa nan bakin rafin ake juyewa.

Shin abin ya kai a damu

Gaskiya ita ce gwajin da aka yi a ƙasa da ruwan wurin ya nuna mai da maiƙo, amma ba da yawan da zai tayar da hankali ba. Masu motoci sun riƙe wannan hujja, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai akwai abin da adadin bai faɗa. A wannan tsauni ƙasar siririya ce, wani wurin ma babu ita sam. Man da ya zuba a kan falalen dutse ba ya zuwa ko'ina, yana kwance cikin tsaga har dusar ƙanƙara ta rufe shi, ta narke da bazara ta kwashe shi zuwa rafi mafi kusa. Sanyin wurin kuma na rage aikin ƙwayoyin halittar da ke cinye mai a cikin ƙasa. Sannan ba mota ɗaya ba ce. Dubban motoci ne ke dukan dutse ɗaya a kusurwa ɗaya kowace shekara. Da yayyafi kogi kan cika.

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka takan ce man da aka juye daga mota ɗaya a canji guda zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwa, kusan lita miliyan 3.8. Dalili kuwa mai ba ya nutsewa ya tsaya wuri ɗaya, shimfiɗuwa yake yi siriri a saman ruwa ya rufe fili mai faɗi, kuma wanda ya riga ya yi aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da ragowar ƙuna. A dokar Kalifoniya tsohon mai yana cikin shara mai haɗari. Ruwan lagireto kuwa nasa sharrin daban ne. Yawancinsa na ɗauke da sinadarin etilin gilaikol mai ɗan zaƙi, dabba na lasa, kaɗan ya isa ya kashe mata ƙoda. Ɗan kududdufin kore ko ja da aka bari a kan dutse da yamma, kafin safe wani abu ya sha.

Abin da aka yi

Umarnin 2009 bai faɗo daga sama ba. Tun 2001 masu motoci suka kafa ƙungiyar sa-kai mai suna Friends of the Rubicon, bayan hukumar ruwa ta ɓangaren Tahoe ta matsa wa Gundumar Placer, wadda ɓangaren gabas na hanyar ke cikinta, lamba kan lakar da ke shiga rafi. A 2004 aka hana zango a kewayen tafkin Spider saboda tarin bayan gida, a shekarar ce kuma aka kafa gidauniyar Rubicon Trail Foundation. Wato mutanen sun riga sun ɗanɗana rufewa, sun san hukuma ba barazanar baki take yi ba. Wannan tsoron ya yi aikin da wa'azi bai yi ba.

Game da mai, abu na farko da gunduma ta yi shi ne sa kayan kwashewa a hannun direba. An riƙa raba ƙunshin kayan tsane mai kyauta a mashigar hanya, da kuɗin tallafi daga jiha. Abu na biyu, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne an tanadi wurin ajiye abin da aka kwaso a bakin hanyar. Mutum na iya yarda ya tsugunna ya kwashe ƙasa mai warin man giya ya ɗaure a leda. Amma in ka ce ya ɗauke ta kilomita ɗaruruwa zuwa gida ya nemo inda ake karɓa, ledar za ta ƙare a bayan wani dutse. Da aka ce ga inda za ka jefa kana fita, sai aikin ya zama mai yiwuwa. Aka kuma shiga wayar da kai kan abu huɗu, tsafta, zubar mai, laka da kiyaye haɗari, ana buga saƙon a jikin ƙyallayen ɗaura wa kai da wuya da ake rabawa, abin da mai tuƙi cikin ƙura ba zai yar ba.

Sauran aikin na hanyar ce kanta. An gina gadoji a kan rafin Ellis da rafin Gerle domin tayoyi su daina shiga ruwa. An zuba tsakuwa a wuraren da ke taɓo, an tona magudanai da ramukan tare laka, an kafa ban-ɗakuna. A 2012 Hukumar Gandun Daji ta ba gunduma izinin hanya a rubuce, aka shata iyakarta, aka san wanda za a tambaya. A wannan shekara kuma aka farfasa manyan duwatsun Little Sluice.

Wannan na ƙarshen ya jawo ɓacin rai ƙwarai. Ga masu manyan motoci wurin shi ne kambun hanyar, sun ga an rage mata daraja don a faranta wa masu ƙorafi. Ina fahimtar zafinsu, domin mutum ya yi shekaru yana haɗa mota da hannunsa don wannan lungu. Duk da haka ina ganin an yi daidai. In wuri ɗaya ne ke fasa motoci a kai a kai, kuma yana dab da tafki, raba tsumma kawai bai isa ba. Ba za a ce wa dubban mutane kowa ya yi hankali ba alhali ana kallon dutsen da ke huda musu kwanon mai. A 2014 hukumar ruwa ta janye umarninta, hanyar kuwa tana buɗe.

Yadda ake kwashe shi

Ƙunshin kayan tsane man ba wani abin mamaki ba ne: 'yan shimfiɗun tsotse mai, safar hannu ta roba, leda mai kauri. Masu shiri kan ƙara ɗan shebur, tamfol, faffaɗan kwanon tara mai, mazurari, jarka marar komai mai murfi, da garin yumɓu ko dusar katako. Amma akwai bambancin da ya kamata a sani game da shimfiɗun. Farare mai kaɗai suke sha, suna ƙin ruwa, shi ya sa za a iya ɗora su a saman kududdufi su yi iyo suna tsince man. Masu ruwan toka kuwa komai suke sha. Ruwan lagireto ruwa ne, farar shimfiɗa ba za ta taɓa shi ba, sai mai ruwan toka. Wanda ya ɗauki iri ɗaya ya tafi da rabin shiri.

A ce kwanon mai ne ya huje. Farko a kashe inji, don famfo ya daina turo mai kuma injin ya tsira. A cusa kwano ko bokiti a ƙarƙashi, in babu a shimfiɗa tamfol a tattaro gefunansa. Sannan a dubi inda man ya nufa, a je gabansa a tare shi da tudun ƙasa ko naɗaɗɗen tsumma, musamman in gangaren na kallon ruwa. Mutane da yawa kan fara da goge inda suke tsaye alhali bakin man na can yana tafiya. Bayan an tare sai a bi daga gefe zuwa tsakiya, ana dannawa ana ɗagawa, ba a gogawa, domin guga na tura shi cikin tsagar dutse. Abin da ya rage a kan dutse a barbaɗa masa garin yumɓu, a murza da takalmi, a bari ya sha, a share. In ƙasa ce, a haƙe ta har sai launi da wari sun ƙare, a ƙara kaɗan. Duk a ɗure a leda biyu, a ɗaure, a sa a inda ba za ta huje ba. Ramin kuma, in ƙarami ne, ana goge shi ya bushe a liƙe da gam mai haɗi biyu da ke daskarewa, ya isa ya fitar da mota.

In fetur ne, kafin komai a kashe sigari da duk wata wuta, a matsar da mutane, kada a tayar da wata mota kusa. Tsagar tankin fetur ana iya toshe ta na ɗan lokaci da sabulun sanda, dabarar da direbobin daji suka daɗe da sani. Amfanin sabulu ke nan a wannan aiki, daga nan ya tsaya. Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne zuba ruwan sabulu a kan man da ya zube. Wurin zai yi fes a ido, amma man bai tafi ko'ina ba. Sabulun ya farfasa shi ne ya gauraya shi da ruwa, ya ba shi ƙafar shiga ƙasa da rafi, inda babu mai iya tsamo shi kuma. Binnewa da ƙonawa su ma ɓoyewa ne, ga haɗarin gobara a dajin da ke bushewa ƙayau da rani. Akwai garin ƙwayoyin halitta da ake yayyafawa a kan ɗan tabon da ya rage, yana taimakawa, amma bayan an kwashe ne, ba a madadin kwashewa ba. In kuwa man ya yi yawa ko ya riga ya shiga ruwa, sai a sanar da hukuma da wuri.

Tun daga gida

Mafi yawan abin da zai zuba a daji an riga an yanke hukuncinsa a gareji. Masu bin Rubicon da suka san abin da suke yi kan wanke ƙarƙashin mota tas kafin tafiya, saboda dalili biyu: kada rafi ya wanke musu, kuma a kan ƙarfe mai tsabta ne ake ganin sabon yoyo. A kwana da kwali a ƙarƙashin motar, da safe a duba. Baƙi ko ruwan zuma man inji ne, ja na giya mai sarrafa kanta ne ko na sitiyari, kore ko ruwan hoda na lagireto ne, mai wari mai kauri na aksul ne. Inda ɗigon ya faɗi a kan kwalin ya nuna inda za a leƙa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai sulke: farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji da giya da tanki, murfin aksul mai kauri, notin juye mai da bai leƙo ƙasa ba. Mashaƙar aksul da ta giya a ƙara musu tiyo a ɗaga su can sama cikin ɗakin inji. Batir a ɗaure shi da ƙarfe, in da hali a sa rufaffe wanda ba ya zuba. Tiyon da ya kumbura ko ya tsattsage a canza shi a gida, inda akwai siminti da kwano. Akwai kuma ruwan lagireto mai sinadarin furofilin gilaikol, wanda gubarsa ga dabbobi ba ta kai ta ɗayan ba. Jarkar mai kada a cika ta fal, domin zafi da hawan tsauni na kumbura ta, a ɗaure ta a tsaye, a buɗe a hankali. Zuba mai da duk wani gyara a yi su a kan tamfol, nesa da ruwa da aƙalla mita 60, tazarar da ake koyar da masu zango a dazukan Amurka.

Tuƙin kansa ma rigakafi ne. A ɗora taya a kan dogon dutse maimakon a bar shi ya bi ta tsakiyar mota. Direba ya san ta wane gefe ƙullutun aksul ɗinsa yake. In mota ta gwada sau biyu ko uku ta kasa, a ja ta da igiya ko a bi kewaye, domin yawancin fashewa na zuwa ne a gwajin da aka yi da fushi, ƙafa a kan totur, mutane na kallo.

Abin da ya shafe mu

Masu bin Rubicon nishaɗi ya kai su. A wajenmu tuƙin daji neman abinci ne: Hilux da Land Cruiser da ke tashi daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, waɗanda suka yi ta zirga-zirga zuwa Jado bayan an gano zinariya a 2014, da motocin kasuwannin ƙauye da ke kutsawa cikin fadama da damina. Motocin sun fi tsufa, lodin ya fi nauyi, jarkoki da gangunan mai sun fi yawa. Kuma abin da ya sa Little Sluice ya zama matsala yana nan a wata siga, wato taruwa a wuri ɗaya. A hamada mota ba ta tsayawa sai a bakin rijiya. Nan ake hutawa, nan ake ƙara ruwa a lagireto, nan ake ɗura mai daga ganga, nan ake kwance abin da ya lalace. Ko Bishiyar Tenere, mai tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada, da mota ta kayar a 1973, wadda gangar jikinta ke gidan tarihi a Yamai, a gefen rijiya take, shi ya sa motoci ke zuwa kusa da ita. Rijiyar da direba ya juye baƙin mai a gefenta ita ce raƙuma da awaki da ayarin gobe za su sha, kuma babu wata kusa. A fadama ma haka, ruwan ƙasa bai wuce 'yan mitoci ba, daga shi ake ban-ruwan albasa da tumatir.

Rabin darasin Rubicon ba ya bukatar kuɗi. Tamfol, bokiti, shebur, mazurari da jarka duk suna cikin motar da ma. Yashi busasshe da dusar katako suna tsotse mai. Matsawa taku ɗari daga bakin rijiya kafin a buɗe ganga ba ya cin ko sisi. Baƙin man da aka tara a jarka ma yana da masu karɓa a gari, a mayar da shi gareji ko gidan man da ke juye wa motoci mai.

Ɗaya rabin ne ba mu da shi: inda za a kai yashi da tsumman da suka sha mai. A El Dorado gunduma ce ta tanadi wurin. A tashoshinmu wanda ke da iko a kan direba shi ne ƙungiyarsa, ita ke rubuta layi, ita ke karɓar kuɗin lodi, ita ke san motar da ta fita da wadda ta dawo. Ganga mai murfi a kusurwar tasha, wadda ƙungiya za ta sa ido a kanta ta kuma shirya da hukumar tsaftar gari kan kwashe ta, da ɗan leƙa ƙarƙashin mota kafin a ba ta layi, abu ne da shugaban tasha zai iya farawa ba tare da jiran takarda daga Abuja ko Yamai ba.